Lokacin da hanci ya yi shiru: Gushewar ƙamshi da ɗanɗano bayan Korona

 Maganar wannan mako ta fi karkata ga mutanenmu na Jajimaji, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Karasuwa, da maƙwabtansu na Nguru da Gashuwa, amma duk mai hanci da harshe yana da rabo a cikinta.

Ka tuna azumin shekarar 2020? An ɗauke shi ranar Juma'a 24 ga Afrilu, ana tsakiyar zafin bazara. Idan kana cikin waɗanda suka kwanta a wancan lokaci, ko ka yi jinyar wani a gida, ba mamaki ka san yadda abin yake zuwa. Zazzaɓin kwana biyu ko uku, ciwon gaɓoɓi, kasala, wani da tari, wani babu. Sai a ce maleriya ce, a aika yaro kemis. Zazzaɓi ya sauka, a yi hamdala. Sai a zo buɗa-baki a miƙo maka kunun tsamiya da ƙosai mai zafi, ka kai baki, ka ji kamar audugar katifa kake taunawa. Ka buɗe kwalbar turarenka ka sunsuna, shiru. A soya kifi a tsakar gida, maƙwabta na jiyo ƙamshi ta kan katanga, kai da ke zaune dab da murhu sai dai ka ga hayaƙi da ido. Abin da ya fi ɗaure kai kuma, hancin a buɗe yake, babu majina, babu toshewa.

An tabbatar da shigowar Korona Najeriya ranar 27 ga Fabrairun 2020, a jikin wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Sunan Jihar Yobe bai shiga jerin hukumar NCDC ba sai ƙarshen watan Afrilu. A makonnin nan ne jaridu suka cika da labarin yawan rashe-rashe a Potiskum da Gashuwa da Nguru, galibi dattawa, har gwamnatin jihar ta sa aka riƙa tambayar iyalan mamata yadda rashin lafiyar ta kasance. A Kano, inda aka yi irin wannan bincike, Ministan Lafiya na lokacin, Dokta Osagie Ehanire, ya faɗa a watan Yuni cewa an ƙirga rasuwar mutum 979, kuma ana ganin kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari suna da alaƙa da Korona. Jajimaji kuwa a kan titin Nguru zuwa Gashuwa take. Motar kifi da ta hatsi da ta fasinja duk ta nan suke bi, cutar da ke bin numfashi kuma ba ta neman hanyar da ta fi wannan.

Za ka iya cewa ai an wuce wurin. Gaskiya ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matakin ta-ɓacin da ta ayyana kan cutar ranar 5 ga Mayun 2023. Amma janye ta-ɓaci daban, ɓacewar ƙwayar cuta daban. Tana nan tana yawo cikin murarrakin da muke sha, musamman idan hunturu ya kama. Sannan akwai bayin Allah da hancinsu bai dawo daidai ba tun wancan lokaci, suna ta haƙuri ba sa faɗa, don sun san amsar da za a ba su: "Kai ma dai, wannan har ciwo ne?" Ciwo ne, kuma yana iya jawo wanda ya fi shi.

Likitoci ma ba su san da wannan alama ba da farko. Jerin farko zazzaɓi ne da tari da sarƙewar numfashi. A watan Maris na 2020 ne likitocin kunne da hanci da maƙogwaro na Birtaniya, ciki har da Farfesa Claire Hopkins, suka ja hankalin duniya cewa suna ganin mutane birjik da ƙamshi ya ɗauke musu farat ɗaya ba tare da wata alama ba. Amurka ta sa alamar a jerinta a ƙarshen Afrilu, Birtaniya ta bi baya ranar 18 ga Mayu.

Hanci ke aiki, harshe ke shan yabo

Bahaushe da kalma ɗaya yake aiki: ya ji magana, ya ji zafi, ya ji ƙamshi, ya ji daɗin miya. Amma in aka zo rarrabe abin da hanci ke ji, ba a bar mu a baya ba. Ƙamshi daban, wari daban. Kifi da jini ƙarni suke yi, abin da ya ƙone ƙauri, fitsari zarni, mushe ɗoyi, ga kuma hamami. Kowace kalma a nan labari ce da hanci ke kawo maka, rabinsu kuma gargaɗi ne.

Harshe kuwa, duk sunan da ya yi, abu biyar kacal yake tantancewa: zaƙi, tsami, ɗaci, gishiri, da wani na biyar da wani masani ɗan Japan, Kikunae Ikeda, ya raɗa wa suna umami a 1908. Kai ka san shi tun kafin ka ji sunan. Shi ne wannan ɗanɗano da daddawa da romon nama da busasshen kifi ke ba miya. Zafin barkono da na citta ma ba na harshe ba ne, wata jijiya ce ta daban mai kai saƙon zafi da sanyi daga fuska da baki. Duk sauran abin da kake kira daɗin abinci, wato abin da ya bambanta miyar kuka da ta kuɓewa, ko garɗin gyaɗa da na riɗi, ƙamshi ne da ke hawa ta bayan maƙogwaro zuwa hanci yayin da kake tauna. In kana so ka gwada, matse hancinka da yatsu, ka tauni gwaiba. Zaƙi da ɗan tsami za ka ji kawai. Ka saki hancin, nan take gwaibar ta dawo gwaiba.

Shi ya sa mafi yawan masu cewa bakinsu ya mutu, hancinsu ne ya tsaya. Ga hanyar ganewa a gida: ɗora ɗan gishiri a harshe, ka kurkure baki, ka ɗora sukari, sannan ruwan lemun tsami. Idan ka bambanta su, harshenka lafiya lau yake. Idan duk salam ka ji su, to Korona ta taɓa harshen shi ma, domin takan yi haka ga wasu, har zafin barkono ya ragu musu.

To me ke faruwa a cikin hancin? Can sama a rufinsa, tsakanin idanu, akwai wani ɗan wuri da bai wuce faɗin farce ko biyu ba. A nan jijiyoyin sunsuna suke, miliyoyinsu, kowace da irin ƙamshin da take kamawa. Ɗan Adam yana da masu kama ƙamshi kusan iri 400, kuma gano yadda suke aiki ne ya sa aka ba Linda Buck da Richard Axel kyautar Nobel a 2004. A mura ta yau da kullum, kumburi da majina ne ke tare hanya, iska ba ta isa wurin, da zarar hanci ya buɗe ƙamshi ya dawo. Korona ba haka take yi ba. Binciken da aka yi a Jami'ar Harvard ƙarƙashin Sandeep Robert Datta, wanda aka wallafa a watan Yulin 2020, ya nuna ƙofar da ƙwayar cutar ke bi ta shiga jiki, wadda ake kira ACE2, ba a kan jijiyoyin take ba, a kan ƙwayoyin da ke kewaye da su ne suna yi musu hidima. Duk wanda ya taɓa noman rani a fadama zai gane wannan. Ba a tuge shukar ba, masu ban-ruwa ne suka kwanta. Shuka ta yi yaushi, amma idan masu ban-ruwa suka miƙe da wuri, sai ta farfaɗo. In kuma sun daɗe a kwance, wata ta bushe, sai an jira sabon tsiro. Cikin ikon Allah, jijiyoyin sunsuna suna cikin 'yan kaɗan a jikin mutum da ke sake tsirowa har tsufa.

Wannan ne dalilin da ya sa yawanci ake warkewa. Mujallar likitoci ta BMJ ta tattara bincike da dama a watan Yulin 2022, ta gano kusan kashi 74 cikin ɗari ƙamshinsu ya dawo cikin wata guda, kashi 90 cikin wata uku, kusan 96 cikin wata shida. Kimanin mutum 5 cikin 100 ne abin ke zarce musu, kuma mata sun fi maza jinkirin warkewa. Biyar cikin ɗari kamar ba yawa, amma ka ƙiyasta jama'ar da ke cika kasuwar Jajimaji ranar da take ci. A waɗanda abin ya daɗe musu, masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka sun gano a ƙarshen 2022 cewa sojojin garkuwar jiki ne suka ƙi janyewa daga wurin bayan cutar ta tafi, suna ta hana sabon tsiro kama ƙasa.

Nau'in Omikron da ya ɓulla a watan Nuwamban 2021 bai kai na baya taɓa hanci ba. Wani babban bincike a Birtaniya ya nuna fiye da rabin waɗanda nau'in Delta ya kama sun rasa ƙamshi, a Omikron kuwa ba su kai kashi 20 cikin ɗari ba. Saboda haka a yau jin ƙamshi ba shaida ba ce cewa murar da kake yi ba Korona ba ce.

Idan ƙamshi ya koma wari

Akwai wani mataki da ya fi rashin ji ɗaga hankali, kuma shi ne ba a cika magana a kansa ba. Wata biyu ko uku bayan an warke, har an fara mantawa, sai wata rana a aza albasa a mai, ka ji kamar an buɗe masai. Tsire ya koma warin mushe. Soyayyen kifi, ƙwai, tafarnuwa, kofi, man goge baki, wani har turaren da ya shekara yana shafawa, duk su koma wari iri ɗaya mai tayar da zuciya. Wani kuma babu komai a gabansa sai ya riƙa jin ƙauri ko hayaƙin taba, ya tashi tsakar dare yana duba ɗakuna.

A irin garuruwanmu ka san inda zance ke nufa daga nan. Mutum ya ga abincin gidansa kaɗai ke masa wari, domin shi yake ci kullum, sai zargi ya ɗarsu. A ce jifa ne, a ce an zuba wani abu, a fara kallon kishiya ko surukuwa da wani ido. Kafin ka ɗora wa kowa laifi, yi wa kanka tambaya ɗaya: wata biyu ko uku da suka wuce, na yi zazzaɓi ko mura da ƙamshi ya ɗauke mini? Sannan ka je wurin mai shayi ko mai tsire ka tsaya. Idan can ma warin nan ka ji, ka san ba daga tukunyar gidanka ba ne. Abin da ke faruwa shi ne sababbin jijiyoyi suna tsirowa amma ba su gama kammaluwa ba, wasu sun dawo wasu ba su dawo ba, sai ƙwaƙwalwa ta karɓi rabin saƙo ta fassara shi da wari. Likitoci da yawa suna ɗaukarsa alamar cewa gyara na tafiya, kodayake yakan ɗauki watanni, wani lokaci ya haura shekara.

Kai maigida, a nan sai ka kama bakinka. "Yau kuma me kika dafa haka?" ba ƙaramar magana ba ce ga matar da ta yini a gaban murhu, alhali miyar ba ta canza ba, hancinka ne. Ke ma uwargida, idan ke abin ya samu, faɗa wa mutanen gida tun da wuri. A wannan yanki da mata suka gaji humra da turaren wuta kaka da kakanni, macen da ba ta jin abin da ta turara takan shiga damuwa ta daban. Ko dai ta zabga ya yi yawa, ko ta riƙa tsarguwa da jikinta. Ki samu wadda kika amince da ita, 'ya ko ƙanwa, ta zama hancinki na ɗan lokaci. Haka mai shakkar ruwan randa ko na rijiya, ko ya canza, don sha ne ko don alwala, ya nemi wani ya sunsuna masa, ba sai ya zauna da waswasi ba.

Masu sana'ar da ta dogara da hanci sun fi kowa shiga uku: mai sayar da turare, mai abincin sayarwa, mai tsire, da dillalin banda da ke gane kifin da ya fara lalacewa tun kwali na rufe.

Maigadin da ya bar ƙofa

Hanci maigadi ne da ba ya barci. In ya tafi, dole ka sa wani a madadinsa.

Fara da tukunyar gas, wadda yanzu ta shiga gidaje da yawa. Gas ɗin girki a asalinsa ba shi da wari, da gangan ake sa masa wani sinadari mai ɗoyi don a ji idan yana zuba. Kai da ba ka ji, ka riƙa shafa ruwan kumfar sabulu a bakin tukunyar da mahaɗar tiyo. In ka ga kumfa na tasowa, yana zuba. Kada ka taɓa gwadawa da ashana. A rufe kan tukunya bayan kowane girki, kuma a ajiye ta inda iska ke ratsawa. Jarkar fetur ta babur ko ta injin ban-ruwa kada ta kwana a ɗakin da ake barci. Garwashin jin ɗumi a hunturu da maganin sauro na kunnawa, a tabbata ba su kusa da katifa ko gidan sauro, tunda ba za ka ji ƙauri ba sai wuta ta kama. Hayaƙin janareta kuwa, gubar da ke cikinsa mai kisa ba ta da wari ko ga mai lafiyayyen hanci, don haka wurinsa waje ne ga kowa.

Sai abinci. A zafin Yobe, miyar da aka bari ba ɗumame ba ta wuce 'yan sa'o'i. Da can hancinki ke gaya miki, yanzu sai ki koma lissafin lokaci da duban ido: yaushe aka dafa, ta yi kumfa, ta yi yauƙin da ba nata ba? In kina shakka, kada ki ba yara. Wake ko busasshen kifin da aka zuba wa maganin ƙwari yakan tona kansa da wari, to ki bar wani ya yi miki sayayyar, ko ya raka ki. Mai goyo kuma ta riƙa duba ƙunzugun jariri a kan kari, kada ta jira wari, don fatar yaro ba ta jimirin zama cikin ƙazanta.

Amma haɗarin da ya fi damuna, domin a hankali yake ɓarna, shi ne gishiri. Mutumin da abinci ya yi masa lami, hannunsa gishiri yake nufa, da dunƙulen Maggi, sannan cokali huɗu na sukari a shayi, domin waɗannan ne harshe ke iya ji. Idan mai girkin ce abin ya sama, gida gaba ɗaya ne ke shan gishirin. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya kai giram 5 na gishiri a yini, wato bai cika ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, kuma har da wanda ke cikin dunƙule da burodi da taliyar leda. Ba sai an gaya wa mutumin Gashuwa ko Nguru ko Karasuwa mene ne ciwon ƙoda ba. Yankin ya daɗe yana fama da shi, har gwamnatin jihar ta sa masana bincike a kai, kuma gidaje nawa ne suka san hanyar Damaturu saboda wankin ƙoda? Yawan gishiri na tayar da hawan jini, hawan jini da ciwon sukari kuma su ne manyan masu cin ƙoda a ko'ina. Don haka a auna gishiri da cokali kamar yadda aka saba kafin ciwon, kada a auna da harshe, a kuma bar mai lafiyar hanci ya ɗanɗana.

A nan akwai wani abin lura. Ƙodar da ta fara gazawa ita ma tana canza ɗanɗano. Mutum ya riƙa jin baki kamar ya tsotsi ƙarfe, nama ya fita ransa, ga tashin zuciya da safe, ga kumburin ƙafa ko fuska. Wanda ya ga haka kada ya ce ragowar Korona ce. Ya je a auna jininsa, a gwada ƙodarsa.

To da me za a maye gurbin gishirin? Da abin da baki ke iya ji ba ta hanci ba. Tsami yana tayar da abinci: lemun tsami, tsamiya, yakuwa. Ɗan yaji da citta suna taimakawa, in babu gyambon ciki. Abu mai ƙaras-ƙaras kamar ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, ko soyayyar gyaɗa, yana sa baki ya san ana ci. Wanda ƙamshi ya koma masa wari kuma, zafi da suya ne abokan gabarsa, domin su ke tayar da tururi. Ya bar abinci ya huce, ya koma ga dafaffe maimakon soyayye, ya riƙe fura da kindirmo da kunun gyaɗa da alala da farar shinkafa. In nama ya gagara, wake da awara da nono su tsaya a madadinsa. A fi sa ido kan tsofaffi, don su da ma cin nasu kaɗan ne, da yaran da ba za su iya bayani ba, sai dai ka ga yaro ya ƙi naman da da yake kuka a kansa.

Horar da hanci

Babu ƙwaya ko allurar da aka tabbatar tana dawo da ƙamshi kai tsaye. Abin da likitocin hanci suka fi bayar da shawara a kai ba ya cin kuɗi, kuma ya girmi Korona. Farfesa Thomas Hummel na birnin Dresden a Jamus ne ya gwada shi a 2009. Ya sa marasa lafiya sunsuna abu huɗu safe da yamma har mako 12: furen wardi, lemun tsami, kanumfari da man itacen turare. Waɗanda suka yi sun fi waɗanda ba su yi ba samun ci gaba.

Kusan duk kayan nan suna cikin kicin ɗinki ko teburin mai kayan yaji. Samu ƙananan kwalabe huɗu masu murfi. Sa dakakken kanumfari a ɗaya, ɓawon lemun tsami a ta biyu, citta ko na'a-na'a a ta uku, auduga da aka ɗiga wa turaren da ka saba da shi a ta huɗu. Ka zauna inda ba hayaniya, ka buɗe ɗaya, ka sunsuna a hankali kamar daƙiƙa 20, ba zuƙa da ƙarfi ba. Yayin da kake yi, ka kawo abin a ranka, ka tuna yadda kanumfari yake a kunun zaƙi ko a zoɓo. Wannan tunawar tana cikin maganin, domin ƙwaƙwalwa ake koya wa ta sake gane saƙo. Ka ɗan huta, ka ɗauki ta gaba. In ka haɗa shi da bayan sallar Asuba da bayan Isha'i, ba za ka manta ba. A sabunta ɓawon lemun duk bayan 'yan kwanaki, bayan wata uku kuma a canza kayan, a kawo daddawa ko kimba ko masoro ko ganyen shayi.

Makon farko da na biyu ba lallai ka ji komai ba, kuma a nan yawancin mutane ke watsarwa. Ba sihiri ba ne, ba kowa yake warkarwa gaba ɗaya ba, amma ba ya cutarwa, kuma wata uku ne mafi ƙarancin lokacin da za a ba shi. Idan akwai toshewa ko ƙurar hunturu ta dame ka, wanke hanci da ruwan gishiri yana taimakawa: rabin lita na ruwan da aka tafasa ya huce, da ƙaramin cokali ɗaya na gishiri, a shaƙa a hankali a fyace, kamar a alwala. Ruwan kogi ko na rijiya da ba a tafasa ba bai dace da wannan ba.

Abin da za a guje wa ya fi yawa. Kada a ɗura ruwan tafarnuwa ko na albasa ko wani garin shaƙe a hanci. Wurin nan da ke ƙoƙarin tsiro laushi gare shi, abu mai zafi ƙona shi yake yi. Ko a Amurka, hukumar kula da magunguna ta gargaɗi jama'a a 2009 kan wani maganin mura mai sinadarin zinc da ake fesawa a hanci, saboda ya kashe wa mutane ƙamshi. Maganin ɗigawa na buɗe hanci da ake saya a kemis kada ya wuce 'yan kwanaki, in ya zarce mako shi da kansa yake kawo toshewa. Maganin maleriya da na kashe ƙwayoyin cuta ba su da aiki a nan, wasu ma irin su Flagyl ƙara ɓata baki suke yi. Ƙwayoyin nan da ake kira sha-ka-fashe, waɗanda wasu ke sha don buɗe ciki, suna tayar da sukari da hawan jini, ba a shan su sai da umarnin likita. Sirace kuwa, in za a yi, a yi nesa da yara, domin ƙunar ruwan zafi ta fi rashin ƙamshi muni. Mai shan sigari ko shaƙar taba, ga dalili ya samu na bari.

Idan yau ne ƙamshi ya ɗauke maka farat ɗaya, da zazzaɓi ko babu, ka ɗauka kana iya yaɗa wani abu. Ka ɗan janye jiki na wasu kwanaki, ka sa takunkumi, a buɗe tagogi, kuma ka nisanci tsofaffin gida da masu ciwon sukari ko hawan jini ko ƙoda da masu juna biyu. Zazzaɓin kuma a gwada jini, don maleriya da Korona suna iya haɗuwa a jiki ɗaya. Numfashi sama-sama, ciwon ƙirji, ruɗewa, ko barcin da ba a iya tayar da mutum, waɗannan ba na jira ba ne, a nufi asibiti ko da tsakar dare.

Kuma ba kowane rashin ƙamshi ne na Korona ba. Tsiron nama a cikin hanci yana kawo shi, haka daɗaɗɗen ciwon kogon hanci, haka buguwar kai, wadda masu faɗuwa a babur ba hular kwano suka fi kowa sani. A dattijo, raguwar ƙamshi a hankali cikin shekaru tana iya zama tsufa kawai, tana kuma iya riga ciwon karkarwa ko na mantuwa bayyana. Ka nemi likita idan hanci ɗaya ne ya toshe yana fitar da jini ko ruwa mai wari, idan akwai ciwon kai mai tsanani ko gani ya canza, idan jin warin da babu shi yana zuwa da suma ko fizge-fizge, idan kana ramewa, ko idan an shafe wata uku babu ko alamar sauƙi. Haka in abin ya kai ka ga ƙuncin rai, ba ka son ci, ba ka son shiga mutane. Wannan ma abin faɗa wa likita ne, ba abin kunya ba.

Ka fara da asibitin da ke kusa da kai a Jajimaji. In da buƙata su tura ka babban asibitin Gashuwa ko Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Nguru, ka nemi a haɗa ka da likitan kunne da hanci da maƙogwaro, wanda zai leƙa can ciki da na'ura. Kafin ka tafi, ka tuna watan da abin ya fara, ko farat ɗaya ne ko a hankali, ko ya biyo bayan zazzaɓi ko faɗuwa, da abin da gwajin gishiri da sukari da lemun tsami ya nuna maka. Ka zuba kwalayen duk magungunan da kake sha a leda ka tafi da su, har da na gargajiya da wanda ka ɗiga a hanci.